Ƙaramin Yatsa

Fasinja arba'in da uku. Keken tura jarirai bakwai, a naɗe. Tsohuwa ɗaya a keken guragu, an ɗaure keken ta kusurwa huɗu. Balan-balan ja da ya kuɓuce ya manne a rufi. Takarda ɗaya, ninki huɗu, a aljihun direba.

Loretta Pettway, direbar bas ɗin, ta baro otal na uku ta nufi ƙofar filin wasannin yara. Shekara sha tara tana wannan zagaye a Orlando: otal, ƙofa, otal, ƙofa. Yau ta dawo aiki bayan hutun dole na kwana tara.

A dama da sitiyari akwai allo. Da can ofis da murya yake kira. Yanzu allo ke gaya wa direba inda zai nufa, hanya kuma takan canja ana tsakiyar tafiya. In saƙo ya shigo, direba na da daƙiƙa ashirin ya taɓa, ya nuna ya gani. In bai taɓa ba, a rubuta masa laifi. In ya taɓa mota na tafiya, shi ma laifi ne. Sai direbobi suka samo dabara: hannu a kan sitiyari, fuska a gaba saboda kyamara, ƙaramin yatsa ya miƙe ya dangwala. Ita ake fara koya wa sabon direba a ɗakin shan kofi. Ido ne kawai ba ya jin magana. Sai ya saci kallo ya karanta.

Kwana tara da suka wuce, idonta ya saci kallon a mararrabar otal na biyar. Da ya dawo kan titi, ga wani dattijo yana tsallakawa, kofi biyu a hannunsa. Ba gudu take ba, amma ta buge shi. Ƙugunsa ya karye. Har yau yana asibiti.

Da safen nan Darnell, mai kula da direbobi, ya miƙa mata takardar rahoton hatsarin.

"Mis Loretta, rana ce ta kashe miki ido. Kyamara ta nuna fuskarki na gaba. Sa hannu, a wuce wurin."

"Yamma nake kallo, Darnell. Rana tana bayana."

"To ta daki madubi. Haba, uwata. Kafin ki tashi aiki nake so. In ba haka ba sai bincike, kin kuwa san inda bincike ke kai wanda ya ce ya taɓa allo."

Ta sani. Bakin ƙofa, da kwalin kayanka a hannu.

Allon ya yi ƙara. Kafin ta yi tunani yatsan ya riga ya dangwala, ido ya karanto: ƙofar gabas. Ta juya motar. Sai can ta lura da abin da ta yi. Ta jira ta ji wani abu a ƙirjinta. Babu.

A ƙofar gabas fasinja suka zube, yara na ihu. Ta durƙusa ta kwance keken tsohuwar, ta sauke mata gadar saukar keke.

"Allah ya yi miki albarka, 'yata. Tuƙinki a natse."

"A yi wasa lafiya," in ji Loretta. Haka doka ta ce a gaya wa kowa.

Wilner, wani direba ɗan Haiti, ya leƙo daga tasa motar, yana cin soyayyar ayaba a takarda.

"Sarauniyar titi ta dawo! Mun ɗauka kin gudu bakin teku. Kin sa hannu?"

"Tukuna."

"Sa mana, 'yar'uwa. Ni ma rana ta taɓa kashe min ido. Ana tsuga ruwan sama kuwa!" Ya yi dariya har ya ƙware. Da ya ga ba ta taya shi ba, ya rage murya. "Ba kashe shi kika yi ba."

"Kofi biyu ya riƙo, Wilner."

"To?"

"Ɗayan na wani ne."

Allo ya tura ta otal na biyar. Ta tafi da mota babu kowa, sai balan-balan yana gogar rufi. Saura kaɗan ta kai mararrabar, allon ya sake ƙara. Yatsan ya motsa. Ta danne shi da na kusa da shi, ta ƙura wa titi ido. Wata mata ta tsallaka, tana jan yara biyu. Loretta ta ƙirga. A ashirin allon ya koma ja.

Rediyo ya yi tsaki. Muryar Darnell, wadda duk direbobin layin ke ji.

"Mota sittin da biyu, ba ki amsa ba. Lafiya dai, Mis Loretta?"

Ta ci gaba da tuƙi har ta tsaya a gaban otal, ta ja birki. Mutane suka hau, ta gaida kowa. Na ƙarshe wani mutum ne da 'yarsa a kafaɗa. Ta jira ya zauna. Ta taɓa aljihunta, takardar na nan yadda aka ninke ta.

Ta ja ƙofa ta rufe, ta ɗauki rediyon.

"Sittin da biyu. Ba rana ba ce, Darnell. Allo na kalla. Haka zan rubuta."