Makaho da Aska a Bayan Siddiƙu

Siddiƙu wanzami ne a Kalgo, mai 'ya'ya shida da wani keke mai kuka kamar ɗan akuya. Mahaifinsa Tambari, tsohon wanzami, yana Gwandu. Idanu sun tafi, amma taurin kai na nan daram. Ya rantse ba zai bar gidan da aka binne cibiyarsa ba, kuma askar kowa ba za ta hau kansa ba sai ta ɗansa.

Don haka kowace Alhamis Siddiƙu kan taka keke har Gwandu, ya yi wa tsoho aski da wanka, ya faskara itace. Bayan Juma'a ya juyo, Asabar ya duƙa kan kawunan mutane. Shekara uku ana haka, sai baya ya riƙe, hannu ya fara rawa. A wata guda ya yanki kunnuwa biyu, mutane suka fara zamewa wurin wani wanzamin.

"Maigida, ka gaya wa Baba," in ji matarsa Azumi. "In ka kwanta, aska za mu dafa?"

"Da wane bakin?"

Wata Alhamis yana tsakiyar aski, tsoho ya cafke masa hannu.

"Kai wanga," ya ce, don ɗan fari ne, bai taɓa kiran sunansa ba. "Aski kake ko noma?"

"Sanyi ne, Baba."

"Sanyi da bazara? Tuɓe riga, kwanta!"

Tambari ya lalubo tsohuwar zabirarsa, ya fito da ƙaho huɗu da aska. Siddiƙu ya runtse ido yana salati. Makaho da aska a bayansa! Amma hannun tsoho ko gezau. Ya bi ƙashin bayan da yatsa, ya kafa ƙaho, ya tsaga, ya zuƙa.

"Wanga ba baya ba ne," in ji shi. "Hanyar Kalgo ce, da ramukanta duka. Gobe bayan masallaci ka nemo mana mota."

"Cibiyar fa, Baba?"

"Shekara tamanin tana kwance, ka taɓa jin ta yi ciwon baya? Ta tsare gidan."

Ranar Asabar mutanen Kalgo suka tarar da wanzamai biyu a gindin durumi, ɗaya na aski, ɗaya na shafa kawuna yana neman inda aka tsallake. Keke kuwa aka jingine shi a zaure, har kaza ta yi ƙwai a ƙarƙashinsa.