Awon Fasto

"Ɗaga hannu, Fasto," in ji Baba Tela daga kan gadonsa.

Fasto ya ɗaga, amma hannun bai kai kafaɗa ba, don kwat ɗin bara ce a jikinsa. Ni dubiyar maƙwabci na shigo, sai aka miƙa mini bakin tef ɗin awo aka ce in zagaya Fasto da shi.

Shekara goma sha tara ke nan, duk ranar da ikilisiyarmu ke karrama Fasto, mata su kai kaji da hatsi, Baba Tela ya kai kwat. Sai dai awon da ya ɗauka tun Fasto yana kamar sillen kara, da shi yake yanka har yau. Mu kuwa mun yi ta ɗura wa bawan Allah abinci har ya ajiye tumbi. Ba ya iya kunyata tsoho, sai ya riƙe numfashi ya cusa kansa cikin kwat ɗin. Shi ya sa a cocinmu hannun albarka ba ya wuce ƙirji, har baƙi na zaton koyarwarmu ce haka.

Baba Tela ya duba tef, ya ce daidai da hasashensa.

"Ashe ka sani, Baba?" in ji Fasto.

"Tela ne ni, ba makaho ba. Jira nake ka rage ciki, ka ƙi." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Tafiya ta zo, ɗana. Ba na son ka sallame ni da rabin albarka."

Keken ɗinki ya fi ƙarfin ƙafarsa, sai ya koma allura, matarsa na zura masa zare. Kwana biyar ina leƙawa, kullum ɗinkin na gaba, mai ɗinkin na baya. Ranar Alhamis da hantsi na jiyo kukanta ta katanga.

Kwat ta haɗu, saura maɓallai, hannun hagu kuma farin zare kawai ke riƙe da shi. Dattawa suka ce a kai wa wani tela ya ƙarasa, Fasto ya ce ba mai taɓa ta.

Da ita ya zo jana'iza. A bakin kabari ya ɗaga hannuwansa biyu har sama, abin da yaranmu ba su taɓa gani ba. Na so in yi dariya, kuka ya riga ta. Ya daɗe bai sauke ba, farin zaren na lilo a hammatarsa.