Sanfefar Baba Kunne

Baba Kunne ake ce masa, don da kunne yake gane ciwon mota. Shekara arba'in sanfefa, takardar nan mai kaushi ta goge ƙarfe, ba ta rabuwa da aljihunsa. In mota ta ƙi tashi, ya buɗe distirbita, ya goge bakin kwantak, wuta ta isa filogi, shi ke nan. Yanzu kuwa duk masu kawo masa aiki sun koma wajen Mai Kwamfuta, makanikin zamani na tsallaken titi. Saura wata tsohuwar nas kaɗai, kuma ya san ranar da ita ma ta tsallaka, ranar zai rufe gareji.

Da hantsi aka turo sabuwar motarta, tana tari ba ta tashi. Ya ɗaga bonet ya yi ta lalube, babu distirbita balle kwantak. Ya haɗiye girman kai ya ja ƙafa zuwa tsallake.

"Baba, ai an daina wannan yayin," in ji Mai Kwamfuta. "Akwai sansa a gindin inji. Ita ke ƙirga juyin inji ta gaya wa kwamfuta, kwamfuta ta sa koyil ya saki wuta a filogi daidai lokaci. Wataƙila datti ne ya rufe mata ido. Ka cire ta ka goge."

Goga? Ashe abin bai wuce saninsa ba! Ya dawo da ɗan karsashi, ya kwanta a ƙasa bayansa na ƙara, ya ciro abar. Ya zaro sanfefa ya yi ta dirza, har robar bakinta ta cinye, jar waya ta leƙo tana ƙyalli. Ya mayar.

"Malama, murɗa makulli."

Ta murɗa. Ko tarin ma motar ta daina.

Aka kira Mai Kwamfuta. Ya zo ya sake ciro sansar, ya juya ta a tafin hannunsa, ya rage murya. "Baba, da tsumma nake nufi."

Nas ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ya fi yi wa Baba Kunne ciwo. "Sannu da ƙoƙari, Baba," ta ce, idonta a ƙasa. "Ko a kai masa ya duba?"

"A kai," in ji Baba Kunne.

Da kafaɗarsa aka tura motar har tsallake. Ya dawo yana haki, gajiya har cikin ƙashi. Ya ajiye guntun sanfefar a kan benci, ya ciro kwaɗon ƙofar gareji daga ƙusa, ko azahar ba ta yi ba.