Filashin Maman Yara

A gidanmu ni ne masanin kwamfuta. Ba wanda ya naɗa ni, ni na naɗa kaina, tun ranar da na gyara talabijin ɗin surukata ta hanyar tura wayar wuta cikin soket da kyau. A garin makafi ai mai ido ɗaya sarki ne.

Shi ya sa da kwamfutar matata ta ƙi tashi ranar Asabar da hantsi, har wani daɗi na ji, Allah ya yafe min. Karatun ungozoma take yi, kuma aikin bincikenta na kammalawa yana ciki, jibi za ta miƙa wa malaminta. Kana kunnawa sai allo ya yi shuɗi, ya yi ta juya ƴan ɗigo, ya mutu.

"Baban yara, mu kai wa mai gyara?" in ji ta.

"Ina raye? Kawo filashi kawai. Zan zuba masa manhajar ceto, mu tayar da ita daga waje."

Ta ciro nata daga jaka, wani ja mai murfi a tsage. "Kwafin aikina yana ciki fa, ka kula."

Na ce ta daina koya wa kifi iyo.

Na gangara shagon maƙwabcinmu mai fotokwafi, ya ara min kwamfutarsa. Manhaja tana sauka ina zuba masa lacca, shi da wasu mata biyu da suka zo buga takardu. Na yi musu bayanin yadda kwamfuta take tashi, da hannu da ƙafa, har da misalin tura mota. Ana cikin haka wani ɗan akwati ya fito a allo da rubutu a ciki. Masani ba ya tsayawa karatu a gaban jama'a. Na danna "eh".

Sai da layin da ke nuna ci gaban aikin ya kai rabi abin da akwatin ya ce ya iso ƙwaƙwalwata: za a goge duk abin da ke cikin filashin.

Innalillahi! Gumi ya keto min har cikin takalmi. Mai fotokwafi ya ce, "Malam, lafiya?" Na ce zafi ne. Fanka biyu ke kaɗawa a shagon.

Na dawo gida ina tafiya kamar kazar da ƙwai ya fashe wa a ciki. Na soka filashi, na kunna, na yi ta danna maɓallin da ke sa kwamfutar ta tashi daga filashin. Ta tashi kuwa. Na zaɓi gyara, ta yi dogon tunani, ta ce ba ta iya ba. Na sake, ta sake. Maman yara tana tsaye a bayana tana ninke kayan makarantar yara, har da ƴar waƙarta, hankali kwance.

Can ta leƙo ta kafaɗata. "Ga wani nan ya ce a goge komai a zuba sabo. Danna shi mana mu huta, ai aikina yana filashi."

Ta miƙo yatsa. Na cafke hannunta kamar za ta taɓa wuta.

"Babu," na ce.

"Babu me?"

"A filashin. Na goge. Wanda ke cikin kwamfutar nan shi kaɗai ya rage."

Da ta yi faɗa da na ji sauƙi. Ajiye rigar da ke hannunta ta yi, ta jawo kujera ta zauna. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba.

Na ɗauko waya, na nemo bidiyon wani da ya san abin da gaske. Na buɗe baƙin allon nan da ake rubuta umarni, ina kwafar harafi bayan harafi, kuma kowane akwati ya fito sai na karanta shi a fili kafin in taɓa. Da ƙyar na gano jakar fayilolinta, na kwashe su zuwa filashin.

Ita ta karɓa ta gangara shagon, ina biye. Ta buɗe aikin, ta bi shi har shafin ƙarshe, ta share ido da gefen mayafi. Sai ta shiga imel. Ta tura wa kanta, ta tura wa ƙanwarta da wata ƙawarta, ta ce wa mai fotokwafi shi ma ya ajiye kwafi.

Ina tsaye kusa da ita riƙe da waya, ina jiran nawa ya shigo. Ta rufe imel ɗin, ta ce mu tafi.