Bukkar Bayan Gari

Shekarar da agana ta shigo Gaya daga tsallaken kogi, kumandan, Baturen mulki, ya sa aka yi shela: duk mai yaro da ƙuraje ya kai shi likita. Ni Alfari mai fito, da nake ketarar da Nasara a jirgina har na tsinci "wi mushe" guda biyu na Faransanci, sai na ɗauki kaina wayayye.

Ƙuraje suka feso wa yaran unguwarmu. Maƙwabta suka cusa nasu cikin rumbunan gero, suka yi gum. Kande tawa, 'yar shekara biyu, ita ma ta wayi gari da su a ciki da baya, masu ruwa-ruwa, amma tana ta wasanta.

"Malam, ƙarambau ne," in ji matata Yalwa. "Dubi tafin hannunta, fes. Agana ba ta barin yaro ya yi dariya. Kwana bakwai ya bushe."

Na ce mata duhun kai ke damunta. Na kwance yarinyar daga bayanta da hannuna, na saɓa ta a kafaɗa, muka ratsa kasuwa don kowa ya ga mai hankali.

Da muka isa, ashe lokotoro, Baturen likita, ya tafi rangadi garin Bana. Wani gardi, dogarin kumandan, na tarar, da bulala a hammata. Daga nesa ya leƙa, ya toshe hanci, ya nuna bukkar zana da aka kafa bayan gari, inda aka killace masu agana ta gaske. Na ce a jira lokotoro. Ya ɗaga bulala. Ni da bakin Faransanci, sai na kai Kande bukkar da kaina.

Yalwa ta bi ta ciki. Ƙurajen farko suka bushe a kwana bakwai, kamar yadda ta faɗa, amma aka hana su fita. Bayan mako biyu waɗansu suka fito wa yarinyar, na agana, har tafin hannu. Gardawa suka binne Kande, suka ƙone zanen goyonta.

Da lokotoro ya dawo, ya sa aka fito da yaran rumbu, ya dudduba su, ya yi dariya. "Ƙarambau ne. A yi musu wanka."

Duk sun girma. Wasu ni nake ketarar da su Malanbil, tsallaken kogi, da 'ya'yansu. Na tsani kaina, kuma na tsani ladabin Yalwa: shekara talatin tana ajiye mini tuwo, ba ta taɓa cewa ta faɗa mini ba.