Kwanakin da Ke Cikin Injin Ƙwai

Sha-Wuya bai taɓa zama a aji ba, kuma ba ya bari a manta. Rijiya ta rufta da shi ya fito, mota ta kife da shi ya karkaɗe riga. Don haka da Auta, 'yarsa, ta haɗa masa injin ƙyanƙyasar ƙwai mai aiki da kwamfuta, cewa ya yi: "Ke rubutu, ni ƙwai." Shi ya jera ƙwai sittin a ciki da hannunsa, ya hana kowa buɗewa.

Rana ta ashirin da ɗaya, shiru. Ko tsiyau ɗaya babu, ga shi da yamma injin zai kashe ɗumin da kansa.

Auta ta durƙusa a rumfar kaji, kwamfuta a cinya, idonta ya yi ja. "Baba, ina jin ni na yi kuskure. Bari in sa ta jero duk sunayen da na saka a shirin da ke sarrafa injin. Kowane suna kamar gwangwani ne, sai mu leƙa mu ga abin da ke ciki."

"Kira su ɗaya-ɗaya, uwata! Ni da na ƙirga awaki ɗari a guje, gwangwani ne zai ɓace mini?"

"Zafi: talatin da bakwai da rabi."

"Daidai. Tafin hannuna ma ya sani."

"Danshi: sittin da biyar."

"Wuce."

"Kwanaki: ashirin da ɗaya."

Sha-Wuya ya yi tari. Ya cire hula, ya duba cikinta, ya mayar.

"Wannan gwangwanin... injin da shi yake aiki?"

"Da shi mana. Kaza ai kwana ashirin da ɗaya ce."

"Kaza kam, haka ne."

"Baba?"

Mutumin da ya yi kwana biyu a ƙasan rijiya bai yi kuka ba, sai ga muryarsa ta koma ta ɗan tsako. "Ƙwan zabi ne. Maƙwabci ya ba ni. Na so ki buɗe ki sha mamaki."

"Baba! Zabuwa kwana ashirin da takwas take yi! Tun asuba nake zagin kaina!"

Ta goge lambar, ta buga sabuwa. Fitilar ɗumi ta ci gaba da ci.

"To wa ya gano matsalar?" in ji shi, a hankali.

"Wanda ya kawo ta."

"Rabin farkon kawai za ki faɗa wa uwarki."