Ranar da Makami Ya Faɗi Jarrabawa

Daren jiya mafarki ya kai ni wani bariki, na tsinci kaina ina cewa, "Ranka ya daɗe, ba zan saki makamin nan ba."

Janar ɗin bunsuru ne, yana zaune kan teburi yana taunar waya. Ni ce shugabar sashen da ke haɗa wa makamai ƙwaƙwalwa. Masu haɗa na'ura suna ƙarƙashina, haka ma masu rubuta manhaja. Ruwan sama na tashi daga ƙasa, saboda haka kowa ya taka laimarsa.

"Kyaftin Shafa'atu, gobe fareti," in ji Janar. "Makamin nan ya tashi."

"Bai ci jarrabawa ba."

A barikin, makami sai an zaunar da shi a tabarma an yi masa tambayoyi. Namu dogo ne mai ladabi, sunansa Ɗanjuma. Ya cire takalmi ya gaishe ni. Na nuna masa jirgin yaƙi.

"Abokin gaba ne, Anti."

Na nuna shamuwa.

"Abokin gaba."

Na nuna jirgin fasinja, wata mata na shayar da jariri a bakin taga. Ɗanjuma ya dube ni.

"Abokin gaba... ko?"

"Ka ji da kunnenka," na ce wa Janar.

"Kai, yarinyar nan da taurin kai take! Wa ya koya miki?"

"Makarantar da kuka tura ni."

Ya hura hanci. Taurarin kafaɗata suka ɓalle, suka bi ruwa zuwa sama. Kujerata ta miƙe ta fita da ƙafarta. Ban bi ta ba.

Sai ga mu a filin fareti. Janar ya daka tsawa, "Tashi!"

Ɗanjuma ya gyara zama a tabarmarsa. "A gafarce ni, ranka ya daɗe. Anti ba ta ce na iya ba."

Ban taɓa ganin ƙarfe mai mutunci irinsa ba. Injiniyoyina suka ajiye kayan aiki, suka zauna kewaye da shi. Jirgin fasinjan ya wuce ta kanmu, jaririn ya yi gyatsa.

Ƙarar injin markaɗen maƙwabta ce ta tashe ni. Na kai hannu ga kakina, sannan na tuna. Tun ranar da na ƙi sakin manhajar da ba a gama gwadawa ba aka ba wani kujerata, kuma ba mai kirana. Na mayar da kakin, na ɗora ruwan shayi.